Zama Mai Binciken Yadda Ƙwaƙwalwa Take Gani: Amsa Ga Wani Ɗalibi

Wani ɗalibi da yake shekarar ƙarshe ta digirinsa na farko a fannin nazarin halittu ya aiko da tambaya, yana cewa burinsa shi ne ya zama malamin jami'a mai bincike a kan yadda ƙwaƙwalwa take gani da yadda take fahimtar abin da ta gani. Yana son ya san ko dole ne sai ya karanta likitanci, wace hanya ake bi daga inda yake zuwa inda yake so, me ya kamata ya koya tun yanzu, kuma ko aikin yana da makomar da ta isa mutum ya ba shi ƙuruciyarsa.

Ƙanena, bari in fara da tambayar da ta fi sauƙi. Ba dole ba ne ka zama likita. Gaskiya ne David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda za mu yi maganarsu nan gaba, dukansu likitanci suka karanta, amma David Marr lissafi ya karanta a Jami'ar Cambridge, William Newsome daga kimiyyar fiziks ya fito, ita kuwa Anne Treisman, wadda ta yi fice a binciken mai da hankali, da adabin Faransanci ta fara kafin ta koma nazarin halayyar ɗan Adam. Likitanci yana da amfani ga wanda yake son ya riƙa duba marasa lafiya yana kuma bincike a kan cututtukansu, sai dai shekarun da yake ci suna da yawa, kuma ba ya koyar da abin da mai bincike ya fi bukata, wato iya tsara gwaji da iya auna abu. Digirinka na nazarin halittu ya isa, muddin ka cike giɓin da zan ambata.

Kafin maganar hanya, ya kamata ka san abin da ake nema a wannan fanni, domin da yawa suna shigowa da zaton nazarin ido za su yi, sai su tarar ido ƙaramin ɓangare ne na aikin. A bayan kowane ido akwai wata siririyar shimfiɗa da ake kira ratina, mai ɗauke da ƙwayoyin karɓar haske kimanin miliyan 100, amma jijiyar gani da take kai saƙo ƙwaƙwalwa zarurruka kusan miliyan 1 kawai gare ta. Ke nan tun a cikin ido an fara tacewa da taƙaitawa. Hoton da yake faɗawa a kan ratina shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da zurfi, kuma abubuwa mabambanta suna iya haifar da hoto iri ɗaya: ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa, ko farar takarda a inuwa da takarda mai ruwan toka a rana. Bugu da ƙari, ido yana tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau uku a kowace daƙiƙa, tsakiyar ratina ce kaɗai take gani tar, kuma akwai wani gurbi inda jijiyar gani ta fita wanda ba ya ganin komai. Duk da haka mutum yana buɗe ido ya ga duniya tsaye cak, ba rami ba girgiza. Tun a 1867 Hermann von Helmholtz ya bayyana gani a matsayin wani irin hasashe da ƙwaƙwalwa take yi ba da saninmu ba, tana haɗa abin da ido ya kawo da abin da ta riga ta sani game da duniya. Yawancin aikin da ake yi a yau, idan aka bi diddiginsa, ƙoƙari ne na gano yadda ake yin wannan hasashe, waɗanne ƙwayoyin jijiya ne suke yin sa, kuma cikin wane lokaci.

Akwai dalilin da ya sa masu son fahimtar tunani suke yawan taruwa a kan gani. Wanda yake binciken baƙin ciki ko tuna baya ba shi da cikakken iko a kan abin da ya shiga ƙwaƙwalwar wanda yake gwadawa. Mai binciken gani kuwa shi ne yake yanke hasken kowane ɗigo a kan allon kwamfuta, da launinsa, da tsawon lokacin da zai tsaya, har zuwa ɗan ƙanƙanin ɓangaren daƙiƙa. Idan ka san abin da ya shiga daidai, ka kuma auna abin da ya fito daidai, to kana da damar yin magana mai tushe a kan abin da ya faru a tsakani. Wannan iko shi ne jarin fannin gaba ɗaya, kuma a ganina duk wanda zai daɗe a cikinsa sai ya koyi riƙe shi da muhimmanci fiye da kowace na'ura.

Tarihin Hubel da Wiesel yana nuna haka. A 1958 suka haɗu a ɗakin binciken Stephen Kuffler a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, suna zura siririyar waya a ɓawon ƙwaƙwalwar kyanwa, wato shimfiɗar saman ƙwaƙwalwar, domin su saurari ƙwayar jijiya guda ɗaya. Kuffler ya riga ya nuna a 1953 cewa ƙwayoyin ratina suna amsa ɗigon haske ko na duhu, saboda haka su ma da ɗigo suka fara, sa'o'i suka yi ta wucewa ƙwayar ba ta ce uffan ba. Abin da ya tayar da ita a ƙarshe shi ne inuwar gefen gilashin da suke zurawa a na'urar haska hoton, wato wani siririn layi mai wata irin karkata. Daga nan suka gano cewa ƙwayoyin sashen gani na farko, wanda ake kira V1, kowace tana da karkatar layin da take amsawa. Bayan sun koma Jami'ar Harvard suka nuna cewa idan aka rufe wa ɗan kyanwa ido ɗaya a watanninsa na farko, idon ba zai ƙara gani da kyau ba ko da an buɗe shi, alhali lafiyarsa ƙalau, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta miƙa wa ɗaya idon yawancin gurbinsa. Babbar kyanwa kuwa haka ba ta faruwa da ita. Wannan yana cikin dalilan da suka sa likitoci suke gaggauta yi wa jaririn da aka haifa da yanar ido aiki maimakon a jira ya girma. Sun sami kyautar Nobel a 1981. Mutane suna son ba da labarin gilashin a matsayin sa'a, amma sa'ar ba za ta amfane su ba da ba su zauna sun bambance tsakanin ɗigon da suka yi niyyar nunawa da inuwar da ba su yi niyya ba.

Daga V1 zuwa abin da kake kira fahimta tafiyar tana da tsawo. A 1982 Leslie Ungerleider da Mortimer Mishkin suka kawo hujjar cewa saƙon gani yana rabuwa gida biyu: wata hanya tana gangarowa ta gefen kai, tana kula da gane ko mene ne abu, wata kuma tana haurawa ta saman kai, tana kula da inda abin yake. A 1991 Daniel Felleman da David Van Essen suka zana taswirar sassan gani 32 a ƙwaƙwalwar biri, da mahaɗai sama da 300 a tsakaninsu, da yawa daga ciki suna mayar da saƙo baya ne. Gwajin da nake so kowane sabon ɗalibi ya karanta da idon basira shi ne wanda ɗakin binciken Newsome ya wallafa a 1990. An koya wa biri kallon ɗigo-ɗigo masu motsi a kan allo, mafi yawansu suna tafiya barkatai, kaɗan daga ciki suna tafiya fuska ɗaya, shi kuma ya nuna fuskar da ya gani. Sai aka sa ɗan ƙaramin lantarki a wani gungun ƙwayoyi na sashen motsi da ake kira MT, waɗanda aka san fuskar da suke amsawa, sai zaɓin birin ya karkata zuwa wannan fuskar. Daga baya Michael Shadlen da Newsome suka bi saƙon gaba, suka sami ƙwayoyin da aikinsu yake ƙaruwa sannu a hankali yayin da birin yake tara hujja kafin ya yanke shawara. Ta haka binciken ganin motsi ya zama binciken yanke shawara. Haka ma mai da hankali: a gwajin Daniel Simons da Christopher Chabris na 1999, kusan rabin mutanen da aka sa su ƙirga jifan ƙwallo a wani bidiyo ba su lura da mutumin da ya ratsa tsakiyar fili sanye da kayan gwaggon biri ba. Sannan akwai marasa lafiyar da Lawrence Weiskrantz ya bincika tun daga shekarun 1970, waɗanda V1 ɗinsu ya lalace, suna cewa ba su ganin komai a wani ɓangare, amma idan aka matsa musu su yi cinke sai su nuna inda abu yake fiye da yadda sa'a za ta bayar. Duk wanda yake son ya taɓa tambayar mene ne sanin kai da wayewar hankali ta hanyar da za a iya aunawa, yawanci ta nan yake shiga.

Yanzu ga yadda aikin yake a aikace, domin fannin ya kasu rassa, kuma rayuwar yau da kullum a kowane reshe daban take. Reshe mafi tsufa shi ne awon tsinkaye, wanda Gustav Fechner ya aza harsashinsa a 1860: ka nuna wa mutum abu a allo, ya danna maɓalli, ka maimaita sau dubbai kana canza abu ɗaya kaɗan-kaɗan har ka gano iyakar abin da yake iya bambancewa. Kwamfuta, da allon da aka daidaita haskensa, da ɗaki mai duhu, da mutane masu haƙuri, su ne kayan aikin. Reshe na biyu shi ne ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mutum yana cikin aiki. Na'urar fMRI, wadda ta ginu a kan abin da Seiji Ogawa ya gano a 1990, ba aikin jijiya take aunawa kai tsaye ba, canjin iskar oksijin a jini take aunawa, kuma wannan canjin yana zuwa ne bayan daƙiƙoƙi kaɗan, sannan kowane ɗan gurbi a hoton ya ƙunshi ƙwayoyin jijiya dubban ɗaruruwa. Duk da wannan rauni, da ita Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka bayyana sashen da yake amsa fuskoki a 1997. Na'urar EEG kuwa, wadda take auna lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai, akasin haka take, ta san lokaci sosai amma ba ta san wuri ba. Da ita Simon Thorpe ya nuna a 1996 cewa cikin kimanin kashi 150 daga 1000 na daƙiƙa ƙwaƙwalwa ta riga ta bambance hoton da yake da dabba da wanda ba shi da ita.

Reshe na uku shi ne aiki da dabbobi, kuma shi ne mafi nauyi ga jiki da zuciya. Koya wa biri aiki ɗaya yana cin watanni, kana zuwa kusan kullum, kuma ba abin mamaki ba ne kundin digiri na uku gaba ɗaya ya tsaya a kan birai biyu. Mutane da yawa sun koma kan ɓera tun bayan 2005, lokacin da aka fara kunna ƙwayoyin jijiya da kashe su ta hanyar haske, sai kuma wayoyin Neuropixels da suka fito a 2017, masu sauraron ɗaruruwan ƙwayoyi a lokaci guda. Amma ɓera ba shi da tsakiyar ratina mai gani tar irin ta mutum da biri, ganinsa dishi-dishi ne, saboda haka akwai tambayoyin da ba zai amsa maka ba komai kyawun kayan aikinka. Wanda zai shiga wannan reshe ya tambayi kansa tun da wuri ko zai iya yi wa dabba tiyata, ya kula da ita shekaru, ya kuma kare aikinsa a gaban kwamitin ɗa'a da zai tambaye shi ko babu wata hanyar da ba ta bukatar dabba, ko ba za a iya rage yawansu ba, ko ba za a iya sauƙaƙa musu ba. Idan ya ga ba zai iya ba, ba aibi ba ne, akwai sauran rassa.

Reshe na huɗu shi ne na lissafi da kwamfuta. Marr, wanda ya rasu a 1980 yana ɗan shekara 35, ya bar mana rabe-raben da har yau ake amfani da shi: a tambayi wace matsala ce tsarin yake warwarewa, da wace dabara yake warware ta, sannan da wane irin kayan jiki aka gina dabarar. A shekarar 1980 ɗin ce Kunihiko Fukushima a Japan ya wallafa tsarin kwamfuta mai hawa-hawa da ya kwaikwayi ƙwayoyin Hubel da Wiesel, kuma zuriyar wannan tsari ce ta ba da mamaki a gasar gane hotuna ta 2012. A 2014 Daniel Yamins da James DiCarlo da abokan aikinsu suka nuna cewa irin waɗannan tsare-tsare, idan aka horar da su a kan gane abubuwa, suna iya hasashen amsar ƙwayoyin manyan sassan gani na biri fiye da duk wani tsari da aka gwada a baya. Ko hakan yana nufin mun fahimci gani, ko kuwa mun gina wani abu ne da shi ma ba mu fahimta ba, ana nan ana ta muhawara, kuma ni ina ganin muhawarar za ta ciyar da ɗalibai da yawa gaba.

Shawarata a nan ita ce kada ka ɗaura wa kanka na'ura ɗaya ka ce ita ce sana'arka. Kayan aikin da ake rububi a kansu suna sauyawa cikin shekaru kaɗan, kuma wanda abin da ya iya kawai shi ne sarrafa na'ura yakan wayi gari an wuce shi. Abin da yake bin mutum ko'ina shi ne iya tsara aikin da zai ware tambaya ɗaya daga sauran, da iya auna hali da kyau. Hoton ƙwaƙwalwa mai launuka ba ya gaya maka komai idan ba ka san ainihin abin da mutumin yake yi a cikin na'urar ba, ko idonsa yana inda ka ce ya sa shi, ko ya gaji ya daina mai da hankali. Saboda haka ko wane reshe za ka bi a ƙarshe, ka fara da awon tsinkaye.

Giɓin da na ambata a farko shi ne lissafi, kuma nan ne ɗaliban nazarin halittu suka fi shan wahala. Kana bukatar aljabarar jerin lambobi, domin hoto da bayanan ƙwayoyin jijiya duk jerin lambobi ne. Kana bukatar lissafin yiwuwa, da ɗan kalkulas, da sanin yadda ake rarraba sigina zuwa mitoci. Kana bukatar rubuta shirin kwamfuta da hannunka, a harshen kwamfuta na Python da farko, sannan ka iya karanta na MATLAB domin ɗakunan bincike da yawa a kansa suka ginu. Kana kuma bukatar iya rubutu mai tsabta da Turanci, tunda shi ne harshen mujallun fannin, kuma rabin aikin mai bincike rubutu ne. Ilimin ƙididdiga kuwa ka ba shi lokaci na musamman. A 2009 Craig Bennett da abokansa suka sa mataccen kifi a na'urar fMRI, suka nuna masa hotunan mutane, suka kuma sami gurbin da ya yi kamar yana aiki, domin su nuna abin da yake faruwa idan aka gwada gurabe dubbai ba tare da gyara lissafin ba. A 2013 Katherine Button da abokan aikinta suka ƙiyasta cewa matsakaicin bincike a kimiyyar ƙwaƙwalwa yana da damar kusan kashi 21 cikin 100 kawai ta gano sakamakon da yake nema ko da sakamakon gaskiya ne, saboda ƙarancin waɗanda ake gwadawa. A 2015 aka maimaita bincike 100 na nazarin halayyar ɗan Adam, waɗanda suka sake fitowa da sakamako mai ƙarfi ba su kai kashi 40 ba. Awon tsinkaye ya fi tsira daga wannan matsala, saboda ana maimaita gwaji sau da yawa a kan kowane mutum har a ga sakamakon a jikinsa shi kaɗai, amma kada hakan ya sa ka saki jiki.

Matakan kansu sanannu ne. Bayan digiri na farko wasu suna yin na biyu, wasu suna yin shekara ɗaya ko biyu a matsayin mataimakin bincike. Digiri na uku a Amurka yakan ci shekara biyar zuwa shida, tare da darussa da zagayen ɗakunan bincike a shekarar farko, a Birtaniya kuwa uku zuwa huɗu ne, kuma galibi ana shiga ne kai tsaye wurin malami ɗaya. A wannan fanni ɗalibin digiri na uku biyansa ake yi, ko da kuɗin ba su da yawa, kuma ban ba ka shawarar ka karɓi gurbin da kai za ka biya ba. Masu tantance ɗalibai sun fi duba abu biyu: ko ka taɓa yin bincike da hannunka, da kuma abin da wanda ya ga aikinka ya rubuta a kanka.

Zaɓen malamin da zai duba aikinka ya fi zaɓen jami'a muhimmanci, kuma nan ne nake ganin matasa suna yawan ruɗuwa da suna. Shekaru za ka yi a ƙarƙashin mutum ɗaya wanda yake riƙe da kuɗin aikinka, da sa hannu a kan maƙalarka, da wasiƙar da za ta nema maka aiki na gaba. Ka karanta maƙalunsa na shekaru biyar da suka wuce, ka duba ko ɗalibansa ne suke zuwa a farkon jerin marubuta. Ka binciki inda tsofaffin ɗalibansa suke yanzu. Ka nemi magana da waɗanda suke wurinsa ba a gabansa ba, ka tambaye su sau nawa suke ganinsa, me yake yi idan gwaji ya ƙi, ko akwai wanda ya bar ɗakin kafin ya gama da kuma dalili. Babban farfesa mai suna yana da kuɗi da kayan aiki amma ƙila ba shi da lokacinka. Ƙaramin malami da ya fara yana da lokaci, amma shi ma yana cikin fargabar tabbatar da kujerarsa, kuma fargabar tana iya sauka a kanka. Kowanne yana iya yi maka daidai, gwargwadon yadda kai kake aiki.

Bayan digiri na uku sai aikin wucin gadi da ake kira fosdok, wanda yakan ɗauki shekaru da dama, wani lokaci a wurare biyu, a kan kwantiragin da yake ƙarewa, sau da yawa a wata ƙasa. A wannan mataki ake so ka koyi sabuwar dabara, ka kuma fito da tambayar da za a san ka da ita, wadda ba ta malaminka ba ce. A nan ne hanya take ƙuntata, kuma lissafin ba shi da wuya: farfesa ɗaya yana yaye ɗalibai da yawa a rayuwarsa ta aiki, amma kujera ɗaya yake bari idan ya yi ritaya. Mafi yawan masu digiri na uku a wannan fanni ba za su zama shugabannin ɗakin bincike ba, kuma cikinsu akwai haziƙai ƙwarai. Wanda ya sami kujerar ma bai huta ba. A Amurka matsakaicin shekarun da mai bincike yake samun babban tallafinsa na farko daga Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, wato NIH, ya haura 40, kuma a shekaru da yawa kusan ɗaya cikin biyar na masu nema ne suke samu. A Turai tallafin farawa na Majalisar Bincike ta Turai yana kaiwa Yuro miliyan 1.5 na shekara biyar, amma gasar tana da zafi sosai. Sannan aikin kansa yana canzawa: wanda ya shigo don yana son zama a ɗaki mai duhu yana sauraron ƙwayar jijiya sai ya tarar ranarsa ta tafi a rubuta neman tallafi, da koyarwa, da gyara rubutun ɗalibai, da zaman kwamiti. Wasu suna jin daɗin hakan, ni ma ina cikinsu, domin tunani tare da ɗalibi mai kaifin basira yana da daɗin da ba a samu a wani wuri, amma ya kamata ka san da shi tun yanzu.

Game da makoma, ilimin kansa bai kusa ƙarewa ba. Har yanzu ana neman sanin aikin saƙonnin da suke komawa baya daga manyan sassa zuwa V1, da yadda yaro yake koyon gane abu daga misalai kaɗan alhali kwamfuta tana bukatar masu ɗimbin yawa, da yadda za a mayar wa makaho gani ta hanyar da ƙwaƙwalwa za ta karɓa. Aikin Pawan Sinha a Indiya, inda ake yi wa yaran da aka haifa da yanar ido aiki bayan sun girma, ya nuna a 2011 cewa da farko ba su iya haɗa abin da suka gani da abin da suka sani ta taɓawa, amma cikin 'yan kwanaki suna fara iyawa, abin da ya sa aka sake duba yadda aka fahimci iyakar lokacin koyon gani. Ta fuskar abin yi kuma, wanda ya iya tsara gwaji, da ƙididdiga, da rubuta shirin kwamfuta, yana da wurin zuwa a kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, da masu ƙera allo da kyamara da tabarau na zamani, da kamfanonin magunguna da na'urorin asibiti, da mujallun kimiyya. Wannan ma wani dalili ne na fifita lissafi da awo a kan ƙwarewa a na'ura guda.

Kafin ka kammala digirin nan akwai abin da za ka iya yi ba tare da izinin kowa ba. Ka sauke PsychoPy, manhaja ce ta kyauta, ka gina gwajin ɗigo masu motsi irin na Newsome, ka gwada kanka da abokanka kaɗan da suka yarda, ka zana yadda daidaiton amsa yake ƙaruwa yayin da kason ɗigon da suke tafiya fuska ɗaya yake ƙaruwa, ka fitar da iyakar kowane mutum. Za ka gamu da matsalolin gaske: allo zai tsallake hoto, wani zai riƙa danna maɓalli ɗaya idan ya rasa amsa, sakamakon safe zai bambanta da na yamma. Yadda ka ji a lokacin da kake warware waɗannan zai gaya maka ko aikin naka ne fiye da duk abin da na rubuta. Bayan haka ka nemi gurbi a Neuromatch Academy, kwas na makonni uku ta intanet da aka fara a 2020, ka kuma gwada hannunka a kan bayanan ƙwayoyin gani na ɓera da Cibiyar Allen ta binciken ƙwaƙwalwa da ke Amurka ta sake kyauta. Idan ka tashi rubuta wa wani malami wasiƙar neman gurbi, ka taƙaita ta, ka ambaci maƙalarsa guda ɗaya da ka karanta da tambayar da ta bar maka, ka haɗa masa zanen sakamakon gwajinka da shirin da ka rubuta, sannan ka tambaye shi ko yana ɗaukar ɗalibai a shekara mai zuwa da kuma ta wace hanya ake nema.